ZAƁEN AMPILIN GITA NA KOYO A GIDA: DAIDAI RUWA, DAIDAI TSAKI

Duk wanda ya ratsa unguwannin Yamai, ko Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa da maraice, da wuya ya koma gida bai ji amon gita yana fitowa daga wani zaure ba. Wannan abin kiɗa ya daɗe da zama ɗan gida a ƙasarmu. Tun shekarar 1987 aka kafa gasar kiɗan zamani ta Ɗan Gurmu a Tawa. A shekarar 1989 aka buɗe cibiyar koyar da kiɗa mai sunan Alhaji Taya a Yamai. Bombino na Agadas ya kai sunan Nijar ƙasashe masu nisa, har a shekarar 2019 ya shiga jerin masu neman kyautar Grammy ta Amurka. Mdou Moctar kuwa, ɗan jihar Tawa, da katako da wayar birkin keke ya haɗa gitarsa ta farko. Ba abin mamaki ba ne idan yaranmu suka tashi da sha'awar bin sawunsu.

Amma gita mai aiki da lantarki ba ta da murya sai da abokin tafiyarta, wato akwatin ƙara sauti da muke ce ma ampili. A nan ne mutane da yawa suke yin asara. Saurayi ya yi wata da watanni yana tara kuɗi, ko ma'aikaci ya yanki wani abu daga albashinsa domin ɗansa. Ranar kasuwa sai ido ya faɗa kan akwatin da ya fi kowane girma, a ɗauko shi a kan amalanke ana murna. Kafin mako ya zagayo, ko dai maƙwabta sun kai ƙara wurin mai unguwa, ko kuwa akwatin ya yi hayaƙi tun ranar farko domin wutarsa ba irin tamu ba ce. Abin da muke so mu bayyana a yau shi ne: ampilin koyo ba da girma ake zaɓensa ba. Ana auna shi ne da ɗakin da za a ajiye shi, da wutar da ke gidan, da kunnen maƙwabta, da kuma aljihun mai saye.

MENE NE AIKIN AMPILI?

A ƙarƙashin tsirkiyoyin gita akwai maganaɗiso da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe. Idan aka kaɗa tsirkiya, wadda ita ma ta ƙarfe ce, motsinta yana haifar da ɗan ƙaramin lantarki a cikin wayar nan, wanda sau da yawa bai kai bolt 1 ba. Wannan ɗan lantarkin ne igiya take kai wa ampili.

Ampili yana da sassa uku. Na farko yana karɓar sautin ya gyara shi, ya ƙara masa kauri ko kaifi. Na biyu yana ba shi ƙarfi. Na uku shi ne lasifika, wani faifai na takarda mai kauri da ke karkarwa yana tura iska har sauti ya iso kunne. Ga mai koyo, wanda ya fi dacewa shi ne akwati guda da ya haɗa sassan nan uku, domin ya fi sauƙin ɗauka, ya fi araha, kuma babu yawan igiyoyin da za a rikita.

Sai a lura: gita ta katako mai rami a ciki, wadda take amo da kanta, ba ta bukatar ampili domin koyo a ɗaki. Gita mai kaurin murya kuma, wadda ake ce ma bas, tana da nata ampili dabam. Idan aka sa ta a ƙaramin ampilin gita aka ɗaga murya, lasifikar ba za ta daɗe ba.

IRI UKU NE A KASUWA

Na farko shi ne mai fitilu. A cikinsa akwai wasu ƙananan kwalabe masu yin ja idan sun ɗauki zafi, irin waɗanda dattawa suka sani a cikin tsofaffin rediyoyi. Shi ne tsohon hannu. Da irinsa Leo Fender ya fara a Kalifoniya ta Amurka bayan yaƙin duniya na biyu, da irinsa kuma Jim Marshall ya fara a Landan a shekarar 1962. Manyan makaɗa suna son zaƙin muryarsa. Sai dai yana da tsada, yana da nauyi, yana fitar da zafi, fitilunsa suna tsufa sai an canza su, ba kuma a kowane gari ake samunsu ba. Bugu da ƙari, daɗin muryarsa ba ya fitowa sosai sai an ɗaga ta.

Na biyu shi ne mai taransisto, wato ƴan ƙananan ƙwayoyin da aka ƙirƙiro a shekarar 1947, suka maye gurbin fitilu a cikin rediyo. Wannan ya fi sauƙin kuɗi, ya fi jure jijjigar hanya, muryarsa kuma ba ta canzawa ko an rage ta ƙasa-ƙasa. Mai gyaran rediyo na gari yana iya duba shi. Kada a ce don yana da araha ba shi da daraja: ampilin Jazz Chorus, wanda kamfanin Roland na Japan ya fitar a shekarar 1975, mai taransisto ne, kuma manyan makaɗan duniya sun yi shekaru suna hawa dandali da shi.

Na uku shi ne mai ƙwaƙwalwar kwamfuta, wanda ya bazu tun ƙarshen shekarun 1990. Yana kwaikwayon muryoyin ampili iri-iri, yana ƙara amsa-kuwwa da sauran kayan ado na sauti, wani har da abin saita tsirkiya a jikinsa. Amfaninsa shi ne akwati ɗaya yana yin aikin da yawa. Aibinsa biyu ne. Idan ƙwaƙwalwar ta lalace, gyaranta yana da wuya a nan. Sa'an nan yaro yakan ɓata lokacinsa wajen murɗa maɓallai maimakon horar da yatsunsa.

Ga mai koyo a ƙasa mai zafi da ƙura irin tamu, na biyu ko na uku sun fi dacewa. Mai fitilu a bar shi sai hannu ya faɗa.

MAGANAR WAT, INDA AKE RUƊIN MAI SAYE

Ƙarfin ampili da wat ake auna shi. Mutane suna tsammani mai wat 20 ya ninka mai wat 10 ƙara. Ba haka ba ne. Ƙarar sauti da desibel ake auna ta, kuma idan aka ninka wat sau 2, desibel 3 kaɗai ke ƙaruwa, abin da kunne zai ji kamar ɗan ƙari ne. Kafin kunne ya ji ƙara ta ninka, sai an ninka wat kamar sau 10. Ke nan mai wat 100 ninki ɗaya kawai ya fi mai wat 10, shi kuma mai wat 10 ninki ɗaya ya fi mai wat 1.

Ga wani abin da zai ba ku mamaki. Wat 1 tak, idan aka tura shi cikin babbar lasifikar gita mai faɗin santimeta 30, yana ba da ƙarar da ta wuce desibel 90 ga wanda ke tsaye nisan mita 1. Alhali kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa babban mutum kada ya wuce awa 40 a mako yana sauraren sauti mai desibel 80, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokaci biyu. Ashe wat 1 ma ya ishi ɗaki, har ya yi yawa. To, ina amfanin wat 100 a ɗaki mai mita 3 ko 4, da rufin kwano mai mayar da amo?

Masu ƙera ampili sun daɗe da gane wannan. Tun shekarar 1948 kamfanin Fender ya fitar da wani ƙaramin ampili domin ƴan koyo, wanda daga baya aka san shi da suna Champ. Ƙarfinsa bai wuce kamar wat 5 ba. Duk da haka gwanaye sun riƙa shiga da shi ɗakin ɗaukar faifai saboda kyan muryarsa.

Saboda haka ga ma'auni mai sauƙi. Domin koyo a ɗaki, mai taransisto ko mai ƙwaƙwalwa na wat 10 zuwa 20, da lasifika mai faɗin santimeta 15 zuwa 20, ya wadatar. Idan mai fitilu ne, wat 1 zuwa 5. Wanda kuma yake da niyyar shiga ƙungiya ya yi wasa tare da mai ganga, yana iya neman na wat 30 zuwa 50 da lasifika mai santimeta 30, amma ya tabbata yana da maɓallin rage ƙarfi. Misali, Katana 50 na kamfanin Boss, wanda ya fito a shekarar 2016, ana iya sauko da shi daga wat 50 zuwa rabin wat.

A kuma yi hattara da lambar da mai kanti yake nunawa. A bayan akwati akwai wani rubutu na wat, amma sau da yawa wannan wutar da ampili yake sha ce, ba ƙarfin da yake fitarwa ba. Lambar gaskiya ita ce wadda take tare da haruffan RMS. Wadda take tare da PMPO kuwa ta talla ce, takan nuna ɗaruruwan wat a kan akwatin da bai fi tulu ba.

WUTAR GIDA: A KARANTA KAFIN A JONA

Lantarkin da ke shiga gidajenmu bolt 220 ne. Na Amurka bolt 120 ne, na Japan kuma bolt 100. Kayan gwanjo da ke zuwa mana ta Lome da Kano daga ƙasashe dabam-dabam suke fitowa. Ampilin da aka yi domin bolt 120, idan aka jona shi kai tsaye da wutarmu, nan take zai ƙone. Saboda haka abu na farko shi ne a juya akwatin a karanta ƙaramin allon da ke bayansa. Idan an rubuta 220 ko 230 ko 240, ya yi. Idan an rubuta 100 zuwa 240, ya yi ko'ina. Idan kuwa 100 ko 110 ko 120 ne kaɗai, sai da na'urar rage wuta. Wanda ya yi yaƙi da jahilci, ga ranar da karatunsa zai tsare masa dukiya.

Wutarmu takan ɗauke, takan kuma dawo da ƙarfi, musamman lokacin bazara da kowa yake kunna fanka. Wutar janareto ma tana hawa tana sauka. Da zarar an ɗauke wuta a kashe ampili a zare igiyarsa, kada a mayar sai wuta ta zauna. Mai hali ya sa na'urar daidaita wuta tsakanin bango da ampili. Da damina, idan hadari ya taso da walƙiya, a zare komai.

Ga mazauna karkara da unguwannin da lantarki bai kai ba, akwai ampili mai aiki da pil. Tun farkon shekarun 1970 kamfanin Pignose na Amurka ya fitar da irinsa. A shekarar 2004 Roland ya fitar da Micro Cube mai wat 2. Akwai kuma Fly 3 na kamfanin Blackstar mai wat 3. Dukkansu ƙananan pil 6 suke ci, irin na tocila ƙarama. Idan aka sami pil masu caji da ɗan faifan hasken rana, an huta da saye kullum. Amma kada a jona masa kowace irin caja da aka tsinta a gida. Ko bakin ya shiga, ƙarfin wutar ko juyinta yana iya saɓawa, ampili ya mutu.

RAI YA FI KIƊA

Wannan sashe muna roƙon iyaye su karanta wa yaransu. Tsirkiyoyin gita a haɗe suke da jikin ampili ta hanyar igiya. Idan wani abu ya lalace a ciki, kuma babu wayar da ke kai wuta ƙasa, to jikin mai kiɗa ne zai zama hanyar wutar. Ba tatsuniya ba ce. A shekarar 1972 lantarki ya kashe makaɗin gita Leslie Harvey a kan dandali a Birtaniya. A shekarar 1976 Keith Relf, tsohon mawaƙin ƙungiyar Yardbirds, ya rasu a cikin gidansa a Ingila yana kaɗa gita, saboda kayansa ba su da kyakkyawar wayar ƙasa.

Gidajenmu da yawa ba su da wannan waya. Saboda haka kada a karya ƙafa ta uku ta kan igiya don ta shiga bango, kada kuma a cusa tsiraran wayoyi a tare su da tsinken ashana. A kira ma'aikacin lantarki ya sa abin da ya dace. Kada a yi kiɗa ba takalmi a kan siminti mai laima. Idan aka ji tsirkiya tana ɗan cizon yatsa, a tsaya nan take, a kai akwatin wurin mai gyara. Kada yaro ya buɗe bayan ampili, balle mai fitilu, domin a cikinsa akwai ɗaruruwan bolt da ke zama a ajiye ko bayan an zare shi daga bango. Ampili mai aiki da pil kaɗai ba shi da wannan haɗari, wannan kuwa babbar hujja ce ta saya wa ƙaramin yaro irinsa.

HAƘƘIN MAƘWABTA DA LAFIYAR KUNNE

Zamanmu zaman cuɗanya ne. Katanga ɗaya ta raba mu, wani lokaci ma dangar kara. A bayanta akwai jariri, akwai tsoho marar lafiya, akwai ɗan lakwal mai shirin jarrabawa, akwai ma'aikacin da ya kwana a bakin aiki. Kiɗan gwani ma yakan gundura idan ya yi yawa, balle na mai koyo da zai maimaita abu ɗaya sau ɗari.

Maganin wannan yana jikin ampili. Kafin a saya, a duba ko yana da ƴar ƙofar da ake jona abin saurare na kunne, wanda samari ke ce ma ekuter. Da an jona shi lasifika takan yi shiru, mai koyo ya ji kiɗansa shi kaɗai ko da tsakar dare ne. Akwai ma ɗan mitsitsin ampili, kamar amPlug na kamfanin Vox, wanda ake maƙalawa a jikin gitar, ba shi da lasifika sam, pil 2 yake ci, yana shiga aljihu. Yana da kyau kuma a sami ƙofa ta biyu ta jona salula ko rediyo, domin mai koyo ya riƙa bin kiɗan da yake so ya iya.

Amma abin kunne ma yana da iyaka. Idan wani yana kusa da kai yana magana ba ka ji sai ya ɗaga murya, ƙara ta yi yawa. Idan ka tashi kunnenka yana ƙugi, ka yi masa lahani. Jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa, makaɗi kuwa da kunnensa yake cin abinci. A kiyaye lokutan salla, da hutun tsakar rana, da dare. Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.

YADDA AKE GWADAWA A KASUWA

Ko sabo ne ko na hannu, kada a biya sai an gwada. Ka tafi da gitarka da igiyarka, ka kuma tafi da wanda ya fi ka sani.

1. Ka karanta allon baya da idonka, ka bar mai kanti ya jona shi da hannunsa a cikin kantinsa.
2. A kunna shi murya tana ƙasa. Ɗan huci kaɗan ba laifi ba ne, amma gurnani mai ƙarfi alamar ciwo ce.
3. Ka murɗa kowane maɓalli a hankali daga farko zuwa ƙarshe. Idan yana ƙarar tsatsa, ƙura ta shiga ko ya gaji.
4. Ka motsa igiya a bakin ƙofarta. Idan sauti yana yankewa, ƙofar ta saki.
5. Ka kaɗa tsirkiyoyi 6 ɗaya bayan ɗaya. Idan mai kauri tana sa akwati yana kakkarwa kamar tsohon kwano, ka haska lasifika ka duba ko ta yage.
6. Ka saurari muryarsa tsantsa, ba tare da kayan ado ba, kuma a ƙasa-ƙasa kamar yadda za ka yi a ɗaki. Mai kanti zai so ya ɗaga ta domin ya burge ka.
7. Ka gwada ƙofar abin kunne.
8. Ka bar shi a kunne kamar minti 15. Wani ciwon ba ya fitowa sai ƙarfe ya yi zafi. Idan ka ji ƙaurin waya, ka ajiye shi.

Bayan haka ka nemi takardar shaidar saye mai ɗauke da suna da lambar akwatin. Kada kuma ka zuba kuɗinka duka a kan ampili. Ka rage na igiya mai kyau, da abin kunne, da tsirkiyoyin canji. Igiyar banza takan sa ampili na gari ya yi muryar banza.

KULAWA BAYAN SAYE

A watannin Afirilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40 a garuruwanmu. Kada a bar ampili a rana ko a cikin mota rufaffiya. A bar tazarar kamar taƙi ɗaya tsakaninsa da bango domin ya sha iska. Da hunturu a lulluɓe shi da zane saboda ƙura, amma sai bayan an kashe shi ya huce. A ɗora shi a kan benci, kada a ajiye shi a ƙasa, saboda laima da gara da ɓeraye masu cin takardar lasifika. Kafin a jona gita ko a zare ta, a mayar da murya ƙasa. Idan za a daɗe ba a yi aiki da mai pil ba, a cire pil ɗin kada su zube a ciki.

Ga shugabannin gidajen samari da daraktocin makarantu masu sayen kaya da kuɗin hukuma, shawara ita ce: kuɗin babban ampili ɗaya yana iya sayen ƙanana da dama. Babba ɗaya yaro ɗaya ke riƙe da shi, saura suna kallo. Ƙanana huɗu da abin kunne, yara huɗu ne suke koyo a ɗaki guda ba mai damun wani. Babban a tanade shi domin ranar biki.

A ƙarshe, jama'a, mu tuna cewa ampili ba ya ƙara wa kowa gwaninta. Abin da yatsa ya yi shi yake faɗa da ƙarfi, ko daidai ko kuskure. Ƙaramin akwati mai tsabtar murya yana nuna wa mai koyo kuskurensa ya gyara, babba mai ruri kuwa ɓoye shi yake yi. Wanda ya fara da wayar birkin keke bai jira wat 100 ba kafin ya iya. Ku sayi daidai ɗakinku, ku karanta allon baya, ku kiyaye wuta, ku ji tausayin maƙwabta, ku ba yatsa lokacinsa kowace rana. Sannu ba ta hana zuwa.